Gatarin da Kaka Ta Ɓoye a Rumbu

Ranar wata Litinin da safe, cikin bazarar shekarar da nake aji huɗu a lakwal, wato makarantar boko, shamuwa ta yi mini kashi a ka. Ba ɗan ɗigo ba, a'a, abu ne mai ɗumi, fari fat, ya sauko tun daga tsakiyar kallabina har ya gangaro mini bayan kunne. Kallabin kuwa sabo ne dal, shuɗi mai furanni, Baba ya aiko mini da shi daga Abijan, kuma ranar ce ta farko da na ɗaura shi. Na kusa makara, don sai da na share bayan gida na cika kaskon ruwan tsuntsaye kafin Kaka ta sallame ni, saboda haka na goge da ganye kawai na ruga. Ina shiga layin ɗaga tuta, yarinyar da ke bayana ta toshe hanci ta ce wari take ji. Kafin malaminmu, da muke ce wa mushe, ya gama kiran sunaye ajin nan kaf ya san abin da ya faru, har an raɗa mini suna Habsu Mai-kashin-shamuwa. Mushe da kansa ya kasa riƙe dariya, ya ce in je in wanke kaina in dawo. Na wanke ina kuka, ina zagin shamuwa da uwarta da kakanninta, da duk wanda ya fara cewa tsuntsuwar arziki ce.

A ƙauyenmu, can ƙasar Buza a gindin tudun duwatsu, ba a kiran gidanmu da sunan Baba ko na kakana namiji. Gidan shamuwa ake ce masa. Dalili kuwa wani ƙaton gawo ne da ke bayan ɗakin Kaka, uwar babana, tsakanin rumbuna da turken awaki. Wanda ya san gawo ya san halinsa: da damina, lokacin da kowane icce ke ado, shi tsirara yake, sai rani ya yi nisa ƙasa ta bushe ƙayau sannan ya yi ganye shar, ya zubo ƴaƴa awaki su yi ta rububi. Da bazara, in zafi ya kai inda ko jaki ba ya son taka ƙasa, duk wani mai rai a unguwar nan bayan gidanmu yake tarewa. Kaka ta binne wani tsohon kasko a gindin gawon, kuma cika shi safe da yamma aikina ne, da ruwan da nake ɗaukowa a bido, wato jarka, tun daga rijiyar fadama.

Ba zan yi ƙarya ba, ina son wurin. In na dawo lakwal da rana na sha hura, sai in shimfiɗa buhu a inuwar rumbu in kwanta rub da ciki in yi tsit. Kurciyoyi ke fara zuwa, su tsoma baki su zuƙa ba ɗagawa, sai ƴan jajayen tsuntsayen nan da muke ce wa baiwar Allah su jeru a bakin kasko suna ture juna. Mazan ƙadangaru, da kawunansu suka yi ja wur, suna bisa katanga suna gyaɗa kai kamar an tambaye su. Kurege yakan ɓullo ta ƙarƙashin darni, ya tsaya da ƙafa biyu ya dudduba, ya saci ɗan gawo ya arce. Akwai wata bushiya mai fitowa da magariba, akwai kuma wani damo da ya taɓa shanye ƙwan kazar Inna, mahaifiyata, har ta yi ta rantsuwa sai ta ci namansa, ba ta kuwa taɓa kama shi ba. Ƙawayena suna ƙofar gida suna carafke, ni ina baya ina gulmar ƙadangaru.

Amma duk waɗannan ƴan rakiya ne, wadda Kaka ke jira ita ce shamuwa. Da iska ta fara juyawa, gajimare ya fara leƙowa daga gabas, Kaka ba ta ƙara zaman ɗaki, nan gindin gawo take tsince wake idonta na sama. Ranar da ta farko ta sauka, baƙa mai farin ƙirji, tana taku a kan reshe da dogayen ƙafafunta, Kaka takan rangaɗa guɗa ta ce, "Maraba da baƙin Allah, kun sha hanya." Kafin azahar matan unguwa sun cika gida suna tambaya, "Iya, sun zo?" Ran nan ake buɗe rumbun iri. Rumbun na laka ne, bakinsa a sama, ƙarami, kuma ba mai shigarsa sai ni. Kaka ta kifa mini turmi in taka, in zura ƙafa in dira, in riƙa miƙo mata zangarniyar geron da ta zaɓa tun lokacin girbi. Takan ce hannuna na da albarka. Daga nan sai a sussuke iri, maza su gyara sungumi, mata kuma su zo da ƴan ƙore a ɗiba musu irin gidan shamuwa su gauraya da nasu. Kaka ba ta da garke, ba ta da zinariya, wannan shi ne girmanta a garin.

Sai dai baƙin nan na Kaka ba su da tarbiyya ko ta anini. Ba ɗaya ke zuwa ba, ba biyu ba, sheƙa takan fi goma a kan iccen nan. Su saci kara daga darni, su saci tsumma daga shanya, har igiyar guga sun taɓa ɗauka. Ga kashi, ga guntayen kwaɗi da fara da ke faɗowa daga bakin ƴaƴansu, rana ta dake su wuri ya ɗau ƙarni. Wa ke sharewa? Habsu. In na yi ƙorafi Kaka ta ce wanda ya yi baƙi shi ke wankin ƙwarya, in ce to ai ba ni na gayyace su ba.

Dokar Kaka a kan gawon ɗaya ce, kowa ya san ta. In abincin dabbobi ya ƙare da rani, ana iya hawa a sassaro rassa a ba tumaki, yadda kowa ke yi da gawon gonarsa. Amma daga ranar da shamuwa ta ɗora kara na farko, ƙarfe ba ya taɓa iccen sai ƴaƴanta sun tashi. To a shekarar, Baba Illa, ƙanen babana, ya daɗe wajen aikin albasa a ƙasar Madawa, bai dawo ba sai da shamuwa ta yi ƙwai, wasu ma sun ƙyanƙyashe. Ruwa kuma ya yi jinkiri. Ya tarar da raguna biyun da ya turke don layya sun zama ƙashi da fata, harawa ta ƙare, karan dawa ya ƙare, daji ko tsinke babu. Sai ya ɗaga kai ya ga ganye shar a bayan ɗakin uwarsa.

Ina tsaye da tsintsiya ya ce, "Iya, reshe biyu ɗai nika so, na ƙasa." Kaka ko ɗaga kai ba ta yi ba, ta ce, "Ina kake sa'adda anka yi sara? Yanzu akwai ɗiya bisa. Tahi ka biɗo dussa." Sai ya harzuƙa ya ce, "Wagga al'adar Azna ta, Iya. Bisashe na mutuwa, ke kina gadin tsuntsu!" Uban Kaka bai fara salla ba sai da furfura ta fito masa, kowa ya san haka, kuma Baba Illa ya san inda maganar za ta soke ta. Ta dube shi ta ce tana salla tun ba a haife shi ba, kuma ba ta taɓa jin malamin da ya halatta a rushe wa uwa ɗaki da ɗiyanta ciki ba. Da ya fita, ta ɗauko gatarin gidan, ta kifa turmi, ta ce in shiga rumbun iri in tura shi ƙarƙashin dammuna. Ta ce, "Daga ni sai ke sai Allah." Baba Illa ya zaga unguwar nan gida-gida neman aron gatari. Wannan ya ce nasa ƙota ta karye, wancan ya ce nasa yana maƙera. Ba wanda ya yarda ƙarfensa ya taɓa gawon Iya.

Ana cikin wannan ne aka yi mini abin da aka yi ran Litinin. Na dawo gida da jiƙaƙƙen kallabi, tabon ya ƙi fita, idona ya kumbura, na jefa shi gaban Kaka. Ta yi ta dariya har da tari, tana cewa, "Arziki na, Habsu, cikin yara duka ke sunka zaɓa." Wallahi da ta ce mini sannu kawai, da ba a yi abin da aka yi ba. Har yau in na tuna dariyar nan sai raina ya ɓaci, ko da yake na san ba da mugunta ta yi ta ba. Ran Talata tsokana ta ƙaru, wani ya zana tsuntsuwa a bangon kayena na rubutu, ƙawata ta ƙud da ƙud ma ta matsa gefe a kan benci. Ran Laraba ba mu komawa da yamma. Kaka ta hau amalanke tun da safe ta tafi bikin suna a garin Tabotaki, Inna tana can tudu wajen aikin ɗaukar duwatsu na furoje, shirin nan na gyaran ƙasa. Na shigo gida na tarar da Baba Illa zaune a turke ya yi tagumi, rago ɗaya na kwance ya kasa tashi.

Bai tambaye ni ba. Wannan nake so a ji da kyau, don na yi shekaru ina gaya wa kaina lallashina ya yi. Bai lallashe ni ba, bai tsorata ni ba, ko kallona bai yi ba. Ni na ajiye kaye na ce, "Baba, na san inda gatari yake." Ni na mirgino turmin, ni na shiga rumbu, ni na miƙo masa. Na ce, "Na ƙasa ɗai, Baba, waɗanda ke bisa hanyar da nika bi." Ya ce awo. A tunanina na yarinta, zai sare rassa biyu, shamuwa ta ji tsoro ta matsa sama, raguna su ci, kaina ya huta.

Ya sare na farko, ya sare na biyu, raguna suka faɗa wa ganye, wanda ke kwance ma ya yunƙura ya tashi. Ganin haka sai Baba Illa ya ƙara hawa. Kai, mutumin nan! Ina kallo ya ɗora gatari a kan babban reshen da ke ɗauke da sheƙa huɗu, na yi ta ihu ina cewa ya isa, ya ce in matsa kar icce ya danne ni. Reshen ya yi ƙara ya rikito, sheƙuna suka tarwatse, ƙwai suka fashe a kan ƙasa, kajin Inna suka rugo suna tsattsagar gwaiduwa. Ƴaƴan da suka ƙyanƙyashe suka faɗo, ko gashin kirki ba su yi ba, wasu sun mutu nan take, wasu suna buɗe baki. Iyayen suka tashi gaba ɗaya suna kewaya gidan. Shamuwa ba ta da muryar kuka, baki kawai take kaɗawa, ƙwas-ƙwas-ƙwas, haka suka yi ta yi a bisa kanmu. Kafin a jima hankaki sun iso, shirwa ta kawo sura ta ɗauke ɗaya a gaban idona. Ina jifa ina kuka, shi kuwa yana sama yana ta sara, wai tun da an fara gara a tara na sati guda. Bai sauko ba sai da ya bar gawon nan da dungulmi uku da tsakiya.

Kaka ta dawo da la'asar, da ɗan ƙullin goro da naman suna da ta ɓoyo mini a gefen zane. Tun daga zaure ta ga hasken da ba ta saba gani ba a bayan ɗakinta. Ba ta yi salati da ƙarfi ba, ba ta yi kururuwa ba. Ta zagaya, ta tsaya, ta daɗe a tsaye. Baba Illa ya riga ya sulale masallaci. Sai ta durƙusa ta riƙa tsince matattun ƴaƴan tana sa wa a zaninta, ta tona rami ta rufe su. Ta sami ɗaya da sauran numfashi, ta sa shi a ƙwarya, kwana uku tana kama masa fara tana ɗura masa, ran na huɗu ya mutu. Ran da ta dawo ɗin kuwa, turmin yana nan kife a gindin rumbu inda na manta shi. Ta dubi turmin, ta dube ni, ta kwance ƙullin naman ta ajiye mini a gabana ta shige ɗaki.

Na jira duka, ba ta dake ni ba. Na jira faɗa, ba ta yi ba. Da an zane ni da tsumagiya har jikina ya fashe da ya fi mini sauƙi. Matan unguwa suka yi ta zuwa jaje kamar an yi mutuwa, suna tsine wa Baba Illa, suna tambayar wanda ya ba shi gatari, Kaka ta ce shi ya biɗo abinsa. Ba ta taɓa faɗin sunana ba, ko ga Inna. Amma da aka yi ruwan shuka bayan kwana goma, aka buƙaci sauran iri, sai ta aika aka kira ɗiyar maƙwabta, Kaka ta kifa mata turmi ta shiga. Ina zaune a wurin ina kallo. Daga ran nan ƙafata ba ta sake taka cikin rumbun iri ba. Da layya aka yanka ragunan, na rantse ba zan ci ba, da ƙamshin suya ya tashi na ci, wannan ma yana cikin abin da nake jin haushin kaina a kai.

Bazara ta zagayo, shamuwa ta zo garin, amma ta wuce gidanmu ta sauka kan tsamiyar bakin kasuwa. Kaka ta ce sun ɓata hanya ne, za su dawo. Ta ci gaba da sa ni cika kasko, ta ci gaba da zama da ƙwaryar wakenta a gindin dungulmin, cikin rana, don inuwar ba ta kai ta rufe mutum ba. Ba na cewa don haka ruwa ya ƙi zuwa, Allah ke ba da ruwa, ya kuwa bayar. Amma mata suka daina zuwa tambaya, don kowa na ganin shamuwa da idonsa a hanyar kasuwa. Masu zuwa da ƙoƙo neman iri suka ragu, suka ragu, har aka daina. Sunan gidan ma ya bi ruwa, aka koma cewa gidan su Illa. Wannan ne ya fi ƙona mini rai: shi ya sare, kuma shi aka ba sunan. Bazara uku Kaka ta yi tana duban sama, a ta huɗu muka kai ta makwancinta.

Yanzu ina zaune Madawa da ƴaƴana, ina koyarwa. Shamuwa na yin sheƙa a bisa ƙarfen antenar waya da ke bayan lakwal ɗinmu, ba mai yi mata guɗa, ba mai ce mata sannu da hanya. Manoma suna jin labarin ruwa a rediyo da salula, iri kuma a leda ake sayo shi. Ƴata ta fari ba ta san bambancin kurege da ɓera ba, in na ce ta zo ta ga ƙadangare sai ta ce mi za ta gani. Bayan gidan da nake haya siminti ne, na ajiye wani tsohon kwano da ruwa, kurciya biyu ke zuwa.

Bara da bazara na je gida. Gawon ya sake tofo, ya yi rassa, ya yi inuwa, amma ko kara ɗaya babu a kansa. Baba Illa ya tsufa, idonsa ya yi rauni, nan yake wuni a kan buzu. Na kawo masa hura na tarar ya tara jikoki yana ba su labari, wai a da iccen nan cike yake da shamuwa, har daga wasu unguwanni ake zuwa kallo. Wata jikarsa ta ce to mi ya kore su. Ya ce, "Zamani na, ɗiyata, albarka ta ƙare ga mutane." Na dire ƙwaryar har hura ta fallatsa, na kori yaran, na ce, "Baba, ba zamani ba na. Gatari na. Ni na nuna, kai ka sara, ina ce maka ya isa kana ƙarawa. Kai ka kashe ma tsohuwar nan zuciya, yanzu kuma kana zaune inuwarta kana ba yara ƙarya!"

Na ɗauka zai yi faɗa, ko ya ce ba ya tunawa. Sai ya shafa gemu, ya ce, "Gaskiyarki, Habsu. Kunyar yara ta sa ni. Amma ni, tun damanar nan ba ta hita ba na tahi na duƙa gaban Iya, na yi kuka, na ce ta gahwarta mini. Ta ce ta yahe duniya da lahira." Ya juyo da idanun nan nasa da ba su gani sosai, ya ce, "Ke hwa, kin roƙe ta?"

Na ɗauki ƙwarya na koma cikin gida. Shekara da shekaru ina ɗauke da fushin mutumin nan, ina ganin na fi shi don ni na yi kuka shi bai yi ba, ashe shi ya sauke nasa tun ina wasan carafke. Ni kuwa kusan shekara huɗu muna kwana ɗaki ɗaya da Kaka, ina ɗebo mata ruwan alwala, ina matsa mata ƙafa, tana kallona tana jira, girman kai na yarinya ya hana ni buɗe baki. Har yau ina jin haushin Baba Illa, ba zan ɓoye ba, amma nasa haushin ina da wurin kai shi, yana nan zaune a kan buzu. Wadda nake so in duƙa wa ce ba ta nan.